Alƙali Isufu da Gonar Aro

In ka ga Alhaji Isufu yau a bakin kasuwar Matameye, da hularsa da ta koɗe don wanki, yana ja-in-ja da mai harawa a kan abincin tumakinsa, wallahi ba za ka ce wannan siririn tsoho ya taɓa zama alƙali a kotun ƙoli ta ƙasa ba. Amma ya zauna ɗin. Ya sa rigar alƙalai mai faɗin hannu, manyan lauyoyin Yamai sun sha miƙewa tsaye don ya shigo. Shari'ar da ta gagari kowa, gabansa da abokan zamansa take zuwa ta ƙare. Sai ga shi wadda ta fi kowace ba shi wuya ba a Yamai ta same shi ba. A tsakiyar gonar yayansa ta same shi, bayan ya ajiye aiki, ba riga ba kujera, kuma ba wanda ya ma ce masa ya yi magana.

Ubansu, Ɗanladi, mutumin Yauri ne. Ya zo Matameye da jaki ɗaya, da mace ɗaya, da girman kan da ya fi ƙarfin jakin. 'Ya'yansa maza biyu suka rayu: Shekara, babban, ƙato mai noman mutum biyu, sai Isufu da ya zo can daga baya, ramamme, kullum cikin tari. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa lakwal, wato makarantar boko, Ɗanladi bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Wa zai ba da Shekara? Ya kama hannun Isufu ya miƙa wa malamin lakwal, don a ganinsa ko gwamnati ta riƙe wannan har abada, gona ba ta yi rashin komai ba.

Gonar kuwa tana kan hanyar Tsauni, jigawa ce mai faɗi, ga gawo tsaitsaye a cikinta, gamba ta zagaye iyakarta. Ita ke ciyar da gidan. Da an gama yankan hatsi an ɗaure, Shekara ba ya ko jiran a rufe rumbu, sai ya bi 'yan ci-rani zuwa Kano. Ga-ruwa yake yi a can, garwa biyu a sanda, tun safe har yamma, har kafaɗarsa ta yi kanta ta karkace. Da guminsa aka saya wa Isufu takalmin farko, da fitilar karatu, da akwatin da ya tafi da shi lise, wato babbar sakandare, a Damagaram. Shekara bai taɓa yi masa gori ba.

To ga inda abin yake. Bayan 'yan ci-rani sun watse, gari ya rage daga tsofaffi sai mata, Ɗanladi kan zaɓi damin da ya fi kowane kyau, ya ɗora wa jaki, ya kira ɗan lakwal ɗinsa.

"Kai wa Malam Sa'adu. Ka ce ina gaishe shi, ga na gona. Ka bi ta bayan gari, kuma ban da surutu."

Malam Sa'adu wani dattijo ne a can ƙarshen gari, mai fara'a. Yakan karɓa ya ce madalla, Allah ya maimaita mana, ya cika wa yaron aljihu da gyaɗa. Kowace kaka haka ake yi, har Isufu ya tafi Damagaram. Shi dai gyaɗar ce ta dame shi, bai taɓa tambayar damin na mene ne ba.

Sai da ya zama saurayi yana karatun shari'a a Yamai, ran nan malaminsu ya zo kan aron gona. Ya ce a ƙasarmu wanda aka ara wa gona ba ya biyan haya, amma kowace kaka yana kai wa mai ita dami ɗaya, don kada a manta ta wane ce. Kuma mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, tunda ƙasar ba tasa ba ce. Isufu ya ji alƙalami ya kuɓuce masa. Ashe! Ashe gonar da ta raine su ta aro ce, kuma ubansu, don kada a ce da shi baƙo mara ƙasa, shi ya sa yake jira babban ya tafi Kano sannan ya aiki ƙaramin ta bayan gari.

A lokacin Ɗanladi ya riga ya rasu. Malam Sa'adu ma ya rasu, ɗansa ɗaya tak ya bi shi ba da daɗewa ba, matar ɗan ta goya jaririyarta ta koma wurin danginta a Tsauni. Babu mai kai dami, babu mai karɓa. Isufu ya ce wa kansa ai Yaya ya sani, ba yadda za a yi Baba ya mutu bai gaya masa ba. Tunanin ya yi masa daɗi, sai ya riƙe shi.

Aiki ya ɗauke shi. Gaya, Tawa, Difa, duk ya zauna, kuma duk inda ya bari sai an daɗe ana ba da labarin taurin kansa. Ba ya cin abinci a gidan wanda ke da shari'a a gabansa, ba ya shiga motar kowa, ko goro aka miƙa masa a bakin kotu sai ya ce haƙorinsa na ciwo. A wani gari, wani attajiri mai rigimar fili ya aiko masa da rago ana jajibirin babbar Salla. Isufu bai aiki kowa ba. Shi da kansa ya kama igiya ya ja ragon nan ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka, rago na turjewa yana ja, yara na bin su da ihu, har ƙofar gidan mutumin, ya ɗaure masa abinsa ya juyo. Matarsa, Hajiya Ummu Salma, ta ce ran nan ta rasa inda za ta sa kanta don kunya, ga shi su ko ɗan akuya ba su da shi a gida.

Daga ƙarshe aka kira shi Yamai, ya yi ta hawa har kotun ƙoli, inda rigimar gonaki ta ƙasa duka ke zuwa ta tsaya. Nan ma bai canza ba. Lauya ya yi ta zuba Faransanci har maƙogwaronsa ya bushe, Isufu ya ɗago kai daga takardun shari'a ya tambaya a hankali: "A zamanin iyayensu, wa ke kai wa wa dami?" Sai ka ga lauya ya hau laluben takardu. Marayu da zawarawa da yawa sun koma gonakin kakanninsu saboda wannan tambayar, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Wani hutu da ya zo gida, Shekara ya ja shi gona yana ta murna, wai zo ka ga abin da yayanka ya yi. Ya gina rijiya a ɗan kwarin gefen gabas, ya dasa mangwaro, kowane da shingensa na ƙaya. Nan take Isufu ya gane Yaya bai sani ba, don wanda ya sani ko zogale ba zai dasa ba. Ya buɗe baki. Ya dubi fuskar Shekara, ya dubi kafaɗar nan da ta karkace. Abin da ya fito shi ne, "Sun yi kyau, Yaya, Allah ya sa albarka." Ya ce a ransa sai wani zuwan. Kai, ɗan Adam! Mutumin da ya ja rago ta tsakiyar kasuwa, ga shi ya kasa jawo magana ɗaya daga cikinsa. Wani zuwan ya zo ya wuce, wani ma ya zo, mangwaro ya girma har yaran gida suna hawa.

Da ya ajiye aiki ya dawo Matameye, ya gina ɗan gidansa mara ado, ya sayi tumaki. Kullum bayan la'asar yana zauren Shekara, su sha fura da ludayi ɗaya, su yi ta gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Gidan Shekara kuwa ya cika maƙil da 'ya'ya da surukai da jikoki, kuma duk bakunan nan gonar hanyar Tsauni suke kallo. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan a wannan yanki na Kance, ba mai sayar maka da ko faɗin tafin hannu.

Sai ga Najaha. Ita ce jaririyar nan da aka goya zuwa Tsauni, jikar Malam Sa'adu, yanzu ita ma ta manyanta. Tana cikin matan da suka tafi Aljeriya neman abin sawa a baki, aka kwaso su a manyan motoci aka dawo da su, ita da 'ya'yanta, ba miji, ba ko tabarma. Kafin uwarta ta rasu ta taɓa gaya mata cewa kakanta na da gona a hannun gidan Ɗanladi. Ta je wurin mai garin da gonar ke cikin ƙasarsa ta kai ƙara. Aka ce ina shaidunki? Ba ta da ko ɗaya, duk waɗanda suka san zancen suna ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'ida kuwa sananniya ce: in mai ƙara ba shi da shaida, wanda ake ƙara ya rantse da Alƙur'ani, magana ta mutu. Aka sa rana, za a yi a cikin gonar kanta. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa ya gyara irinsa yana jira.

Shekara da dariya ya kawo wa ƙanensa labarin.

"Ka ji ikon Allah, Isufu? Wai gonar Baba ta kakanta ce. Allah sarki, yunwa ce, ban ga laifinta ba. In an gama zan sa a auna mata hatsi. Kai dai ka zo ka tsaya kusa da ni, su ga ina da alƙali a gida."

Ran nan Isufu bai iya cin tuwo ba. Ummu Salma ta matsa masa har ya gaya mata komai, tun daga kan jaki. Sai ta ce:

"Alhaji, wani ya kira ka shaida?"

"Babu."

"Wani ya san ka sani?"

"Daga ni sai Allah. Yanzu kuma sai ke."

"To ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka tuna bakunan da ke gidan Yaya kafin ka buɗe naka."

"Ita ma matar tana da bakuna, Hajiya."

"Na sani," ta ce, ta ɗauke kwanon.

Ana gobe rantsuwa ya tafi bayan azahar, lokacin da ya san zauren ba kowa. Ya tarar da Shekara ya miƙe ƙafa yana tufkar igiya, ƙarshenta a maƙale a babban yatsansa. Isufu ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula, ya mayar.

"Yaya, akwai maganar da ya kamata in gaya maka tun tuni."

Ya faɗa masa, bai rage komai ba: damin, jakin, hanyar bayan gari, da saƙon nan na "ga na gona". Hannun Shekara ya tsaya cak a kan igiyar.

"Zakka ce. Malam Sa'adu malami ne, Baba na ba shi zakka."

"Zakka a gaban kowa ake fitarwa, Yaya, kai ma kana nan ake yi. Wannan sai ka tafi."

"Kana yaro. Me ka sani?"

"A lokacin ban san komai ba. Daga baya na sani."

"Yaushe?"

Isufu ya sunkuyar da kai. "Ina karatu a Yamai."

Shekara ya zare igiyar daga yatsansa, ya ajiye ta gefe a hankali. "Wato ranar da na kai ka ka ga mangwaro, ka sani."

"Na sani."

"Ka ce Allah ya sa albarka."

A waje wata amalanke ta wuce, mai ita na zagin jakinsa. Shekara ya sake magana.

"Da ka faɗa mini a lokacin, ina da ƙarfina, da na nemi wata. Ko daji ne da na shiga na sare. Yanzu fa? Dube ni. Ina zan kai yaran nan?"

"Zan sayar da tumakin, har gidan ma, mu nemi..."

"Wa zai sayar maka? Rufe mini baki." Ya yi numfashi, ya share fuska da tafin hannu. "Isufu, tunda uwarmu ta haife ka na taɓa roƙonka wani abu? Kana babban alƙali, na taɓa hawa mota na zo Yamai na ce ka yi mini kaza?"

"Ba ka taɓa ba."

"To yau na roƙe ka. Ban ce ka yi mini shaida ba. Ni ban ga dami ba, ban ga jaki ba, a kan abin da na sani zan rantse. Kai dai ka yi shiru. Ai ka iya."

Wannan "ai ka iya" ita ta rako Isufu har gida. A hanya ya riƙa jera wa kansa hujjoji. Ba a kira shi ba. Abin da yaro ɗan lakwal ya gani ba lalle a kira shi shaida ba. Wataƙila Baba ya sayi gonar daga baya bai faɗa ba. Wataƙila Malam Sa'adu ya bar masa ita kyauta. Hujjoji ne masu kyau, irin waɗanda lauyoyi suka sha kawo masa, kuma ya san amsar kowace ɗaya tun kafin ya gama faɗinta. Duk da haka, da ya kai ƙofar gida ya yanke cewa zai yi shiru. Mutumin da ya ɗauki ruwan Kano a kafaɗa dominsa ya roƙe shi abu ɗaya, kuma abin bai wuce rufe baki ba.

Washegari da hantsi aka taru a gindin babban gawon da ke tsakiyar gona. Gawon ya fara zubar da ganye, kowa ya san ruwa ya kusa. Mai gari na kan kujera, liman na kan buzu da Alƙur'ani cikin gafaka a cinyarsa. Najaha na can gefe ta ja mayafi har goshi, 'ya'yanta sun lafe a jikinta. 'Ya'yan Shekara sun yi layi a bayan ubansu, Salisu babbansu na gaba, fuska a murtuke. Aka kawo wa Isufu kujera kusa da mai gari, ya ce a bar shi, ya je ya tsaya kusa da yayansa kamar yadda aka ce masa.

Mai gari ya dubi matar. "Najaha, kin yarda ya rantse?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. In ya rantse na bar shi da Allah."

Liman ya yi gyaran murya ya yi gargaɗin da ake yi, cewa rantsuwar ƙarya ba ta barin mai ita, kuma ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Ba wanda ya motsa. A ƙasar nan ba wasa ake da wannan ba, duk wanda ke wurin yana da gidan da zai iya nuna maka ya ce tun daga ranar da mai shi ya dafa Littafi a kan gona bai sake ganin daidai ba. Wata tsohuwa ta ja jikanta baya, kamar abin zai fantsamo masa. Aka miƙa wa Shekara buta.

Ya tsuguna ya fara alwala. Isufu na tsaye a kansa yana kallo. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Sai ya sake komawa farko, kan wanke tafin hannu. Ya tsaya, ya dubi butar, ya sake kurkure baki. Ruwa na zuba a ƙasa ba a tafinsa ba. Mutumin da ke alwala tun kafin a haifi yawancin mutanen da ke wurin, yau ya rasa me ke bin me.

Nan Isufu ya gane. Yaya ya yarda da maganarsa. Duk musun jiya a baki ne kawai. Da jiya da safe aka yi rantsuwar nan, da Shekara ya dafa Littafi da zuciya fes, ba ruwansa, don bai sani ba. Yanzu ya sani, kuma zai dafa, saboda yaran da ke tsaye a bayansa. Wa ya sanar da shi? Isufu ya ga abin ƙarara: ya yi shiru lokacin da magana za ta amfani yayansa, ya zo ya yi magana lokacin da ba abin da za ta yi sai mayar da rantsuwar gaskiya ta ƙarya. In ya sake yin shiru yanzu, shi ya kama hannun nan ya ɗora. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kotu ba.

Shekara ya miƙe da ƙyar, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Liman ya zare Alƙur'ani daga gafaka ya riƙe da hannu biyu.

"Ka dafa, ka ce: na rantse da wannan Littafi, gonar nan gadon ubana ce, ba aro ba ce."

Shekara ya ɗaga hannu. Bai dubi kowa ba. Saura kaɗan yatsunsa su taɓa bangon Littafin.

"Malam, a dakata."

Salisu ya ce, "Baba Isufu!" Mai gari ya ɗaga masa hannu.

"Alƙali, akwai magana?"

"Ba alƙali ke magana ba, ranka ya daɗe, ɗan Ɗanladi ne." Muryarsa ta fito siririya, ya sake ɗaga ta don na baya su ji. "Gonar nan ta Malam Sa'adu ce. Aro ubanmu ya yi. Ni na riƙa kai masa damin gona da hannuna kowace kaka, har na bar garin nan. Yayana bai taɓa gani ba, yana Kano duk lokacin da ake kaiwa. In gonar tamu ce ni ma ina da gado a cikinta, don haka a kaina nake ba da shaida. In ana son rantsuwa, a ba ni butar."

Wayyo, sai wuri ya kaure. Wasu na salati, wasu na cewa ai dama, alhali su ne ɗazu suke rantse-rantsen cewa matar maƙaryaciya ce. Mutum biyu suka riƙe Salisu, yana fizgewa yana cewa da hatsin gonar nan aka yi maka karatun, da shi! Najaha ta zube ƙasa ta rufe fuska tana kuka, 'ya'yanta suka kama kuka su ma ba su san dalili ba. Liman ya yi maza ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka ya rungume.

Shekara kuwa hannunsa na nan a sama inda ya tsaya. Can ya sauke shi, ya goge a jikin rigarsa. Da hayaniya ta lafa mai gari ya ce, "Shekara, ka ji abin da ɗan'uwanka ya faɗa. Me ka ce?"

"Ƙanena ba ya ƙarya," in ji shi. "A ba ta gonarta."

Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa da ya cire don alwala, bai sa ba, ya riƙe su a hannu ya bi ta cikin rairayi mai zafi ya nufi gari. Isufu ya yi taku biyu zai bi shi, Salisu ya sha gabansa ya tsaya.

Najaha ba ta yi mugunta ba. Da dattawa suka sa baki ta bar musu kwarin mangwaro da rijiyar, ta ce gumin Baba Shekara ne, ba za ta ci ba. Amma mangwaro ba ya cika rumbu. Kafin sati ya zagayo Salisu da ƙanensa sun hau motar Agadas za su Libiya, a daidai lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa gida don shuka. A gari kuwa aka rabu biyu, wasu na cewa Alƙali ya ceci ɗan'uwansa daga wuta, wasu na cewa boko ne ya cinye masa zumunci. Isufu bai kula da ko ɗaya ba. Kullum bayan la'asar yana zuwa zauren, kullum a leƙo a ce masa Baba na ciki yana hutawa.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ba a jiran na biyu. Da gari ya waye Matameye ta zama wayam, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona, har jarirai an goya. Isufu ya fito ya bi ta unguwar yayansa, ƙasa na ƙamshi, ba kowa a titi sai kaji. Daga nesa ya hango shi zaune a dakalin ƙofar gida shi kaɗai, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon hanyar da mutane suka bi. Tunda Shekara ya iya tafiya, safiyar shuka ba ta taɓa samunsa a cikin gari ba.

Isufu ya matso.

"Yaya, ina kwana?"

Shekara ya ɗago ya gan shi. Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya zare takalmansa, sannan tsohon nan ya durƙusa a cikin taɓo, kai a ƙasa, kamar yadda talaka ke yi in babban mutum ya zo wucewa.

"Ranka ya daɗe. Barka da asuba, mai shari'a."

"Yaya, don Allah tashi. Ni ne fa."

"Na gani, ranka ya daɗe. Akwai abin da za a yi maka?"

Isufu ya kama kafaɗarsa zai ɗaga shi, hawaye na zuba, yana cewa don Allah, don Annabi. Ko motsi Shekara bai yi ba. Bai tashi daga durƙuson nan ba sai da ƙanensa ya sake shi ya juya. Har yau haka yake gaishe shi, ko a ƙofar masallaci, ko a gidan suna a gaban jama'a, kuma har yau Isufu bai daina zuwa ba.